Itacen halsuna da labarin da ya rage a baya: matsalar tallar dogon labarin-zane a intanet

0. Gabatarwa

A cikin ƴan shekarun nan, kusan duk sa'ad da muka soma darasin rabe-raben halsuna da ɗaliban shekara ta ukku, sai an samu wanda ya ɗaga wayarsa ya nuna mana wani hoto: babban itace mai rassa, kowane dunƙulen ganye ɗauke da sunan halshe, ga kuma wani ƙaramin itace a gefensa. Tambayar da ke biyo baya ɗaya ce kullum, watau ina Hausa a cikin wannan itace? Har yanzu ba mu gamu da ɗalibin da ya san cewa hoton nan shafi ne daga cikin wani labarin-zane na ƙirƙira ba, wanda Minna Sundberg, ƴar ƙasar Finlan, ta wallafa a intanet da Ingilishi daga 2013 zuwa 2022 da sunan Stand Still. Stay Silent.

Wannan abu ne ya jawo hankalinmu ga batun da za mu duba a nan. Shafi guda ya zagaya duniya har ya iso ajinmu, amma labarin da ya haife shi bai biyo shi ba. Za mu yi ƙoƙarin nuna cewa wannan rabuwa ta samo asali daga yanayin talla kanta da kuma yanayin dogon labari, musamman wanda bai shiga cikin jinsunan da kasuwa ta saba da su ba. Za mu fara da kalmomin aiki, mu bi da matsalar a fannin ilimin alamomi, sa'an nan mu waiwayi hanyoyin talla da aka gwada tun daga 2002, kafin mu tsaya a kan aikin Sundberg.

1. Kalmomin aiki

Abin da Faransawa ke kira bande dessinée, matasa kuma ke taƙaitawa da «bede», shi mu ke kira labarin-zane. Kowane ɗan murabba'in hoto a cikin shafi mun ba shi suna gurbi, zagayen da ake rubuta maganar ɗan wasa a ciki kuma kumfa. Da kalmar jinsi muna nufin rukunin da kasuwa ke jefa aiki a ciki: soyayya, yaƙi, tsafi da aljanu, ban tsoro, ban dariya.

Wajibi ne a rarrabe iri biyu. Akwai guntun ban dariya, wanda ke farawa ya ƙare a gurbi ukku ko huɗu, kamar da yawa daga cikin zanen xkcd na Randall Munroe da aka soma a 2005. Akwai kuma dogon labari, wanda ake sakin shafukansa ɗaya bayan ɗaya shekara da shekaru, ma'anar shafin yau kuma tana rataye da abin da ya gabata. Iri na biyu shi ne abin nazarinmu.

Ita kuwa kalmar talla, ma'anarta ta asali tana da amfani gare mu. Mai talla tana ɗauke da kaya a kai, tana kiran sunansu da kalma ɗaya ko biyu, wanda ya tsayar da ita kuma yana iya neman ɗanɗano. Sharuɗɗa biyu ke nan: hajar ta kasance tana da suna gajere wanda mai saye ya riga ya sani, kuma a iya gutsure ta ba tare da ta lalace ba. Dogon labarin da ke wajen sanannun jinsuna bai cika ko ɗaya daga cikinsu ba.

2. Turke da karɓeɓeniya

A cikin maƙalarsa ta 1964 kan balagar hoto, wadda ya gina a kan tallar taliyar Panzani, Roland Barthes ya bambanta ayyuka biyu da rubutu ke yi wa hoto. Na farko ya kira shi ancrage, mu kuma za mu ce turke: hoto yana da ma'anoni da yawa masu yawo, sai rubutu ya ɗaure shi a kan guda. Na biyu ya kira shi relais, mu ce karɓeɓeniya: rubutu da hoto suna miƙa wa juna aiki, kowane yana faɗin abin da ɗayan bai faɗa ba, labari kuma yana ci gaba. Barthes ya lura cewa turke ya fi yawa a talla da hoton jarida, karɓeɓeniya kuwa a labarin-zane da silima.

Thierry Groensteen ya ƙara wani mataki a littafinsa Système de la bande dessinée na 1999, inda ya ɗauki zumuncin hotuna a matsayin tushen labarin-zane: gurbi yana samun ma'anarsa daga zamansa tare da sauran gurabe, na kusa da na nesa. In an haɗa ra'ayoyin nan biyu, matsalar ta fito sarai. Talla tana bukatar hoto guda a kan turke guda. Dogon labari kuwa yana rayuwa da karɓeɓeniya da zumunci, saboda haka duk gurbin da aka cire daga cikinsa don a yi talla da shi an raba shi da abin da ke ba shi daraja. Fuskar da ta sa mai karatu na shekara biyu ya yi ƙwalla, ga baƙo fuska ce kurum.

Guntun ban dariya bai san wannan wahala ba, domin kowane guntu tallar kansa ne: wanda ya tura wa abokinsa shi ya tura masa aikin gaba ɗaya. Labarin da ke cikin sanannen jinsi shi ma yana da mafita, tun da sunan jinsin turke ne da aka riga aka kafa. Da an rubuta «soyayya» a ƙarƙashin hoton saurayi da budurwa, mai karatu ya san abin da aka yi masa alkawari. Wanda ya rage a rana shi ne marubucin da labarinsa dogo ne, kuma ba shi da sunan da kasuwa ta sani.

3. Hanyoyin da aka gwada

3.1. Kuɗin rajista. A 2002 Joey Manley ya buɗe shafin Modern Tales a Amurka bisa wannan tsari: shafin da aka saki na baya-bayan nan kyauta ne, tsofaffin shafuka kuma sai mai biyan kuɗin wata. Ga guntun ban dariya tsarin yana da ma'ana. Ga dogon labari kuwa an juya abin a baibai, domin ɗanɗanon da aka ba baƙo tsakiyar labari ne, farkon da zai sa ya fahimce shi kuma yana kulle. Digger na Ursula Vernon, labari baƙi da fari wanda jarumarsa wata dabbar Ostareliya ce mai haƙar rami da ake kira wombat, ya daɗe a Graphic Smash, ƙanen Modern Tales. An yi shi daga 2003 zuwa 2011, kuma sai a 2012, bayan ya kammala, ya ci kyautar Hugo. A ganinmu wannan jinkiri yana cikin ɗabi'ar irin wannan aiki, wanda ba a iya auna shi sosai sai ya cika.

A Faransa, Thomas Cadène ya gyara wannan kuskure a Les Autres Gens, daga 2010 zuwa 2012, labarin rayuwar yau da kullum wanda masu zane da yawa suka yi ta karɓa daga hannun juna. An bar watan farko kyauta, watau mafarin labarin, sa'an nan aka nemi kuɗi. Abin da ya fi jan hankalin mai nazarin halshe shi ne sunan da aka raɗa masa, bédénovela, haɗin «bede» da telenovela. Da ya ke babu jinsin da zai ɗauki aikin, sai aka ƙera masa ɗaya da guntayen kalmomi biyu da jama'a ta sani. Wannan talla ce da aka yi da ƙirar kalma.

3.2. Gwanjon akwatin talla. A 2006 Ryan North, mai Dinosaur Comics, wanda ya yi karatun ilimin halshe ta hanyar kwamfuta a Toronto, ya kafa Project Wonderful. Mai shafi yana ware ɗan akwati, masu son talla suna taya shi da kuɗin kwana ɗaya, wanda tayinsa ya fi shi ake nunawa har sai wani ya ɗara shi. In babu abokin takara ana iya samun akwatin a kyauta. Amfaninsa ga ƙaramin marubuci shi ne yana zaɓen maƙwabcinsa da kansa. Yana iya sa tallarsa a gefen labarin da ya yi kama da nasa a sauti da tafiya, ko da ba jinsinsu ɗaya ba, sai maƙwabtaka ta yi aikin da suna ya kasa yi. An rufe Project Wonderful a watan Agusta na 2018, bayan masu karatu sun koma dandalin sada zumunta kuma manhajojin toshe talla sun yawaita. Tun a 2013 ma an rufe Google Reader, wanda mutane da yawa ke bin sababbin shafuka da shi.

3.3. Manyan dandali. Webtoon na kamfanin Naver na Koriya ta Kudu ya buɗe wa duniya ƙofa a 2014. Ya kawo masu karatu masu ɗimbin yawa, amma ƙofar shigarsa jerin jinsuna ce, kowane aiki kuma ɗan hoto ne murabba'i a cikin ɗaruruwa. Tsarin karatunsa daga sama zuwa ƙasa ne a fuskar waya, abin da bai dace da shafin da aka tsara irin na littafi ba. A nan turke ya zama sharaɗin shiga.

3.4. Gudummawar masu karatu. Indiegogo a 2008, Kickstarter a 2009 da Patreon a 2013 sun ba marubuta hanyar samun kuɗi kai tsaye. A 2012 The Order of the Stick na Rich Burlew ya tara fiye da dala miliyan 1 a Kickstarter don sake buga littattafansa. Sai dai waɗannan hanyoyi suna girbe masu karatun da aka riga aka samu ne. Tambayar yadda baƙo zai fara shigowa tana nan inda ta ke.

4. Misalin Stand Still. Stay Silent

4.1. Labarin. Wata annoba ta share mafi yawan ƴan Adam, ta mai da wasu mutane da dabbobi dodanni. Bayan shekara 90, abin da ya rage na duniyar da aka sani shi ne Aislan, wadda ta rufe iyakokinta da wuri, da ƴan matsugunai a Norwe, Suwidin, Danmak da Finlan. Wata ƴar tawaga maras isasshen kuɗi da ƙwarewa ta shiga kufan Danmak don kwaso tsofaffin littattafai. In aka tsaya nan, sai a ce labarin ban tsoro ne na bayan halakar duniya, kuma a wannan rukuni aka saba jefa shi.

Amma wanda ya karanta ya san dodanni ba su ne suka cika shafukan ba. Abin da ya cika su tafiya ce a hankali, da girki, da gardama, da rashin fahimtar juna. Sigrun, shugabar tawaga, halshen Norwe ta ke ji. Emil na Suwidin. Mikkel na Danmak, wanda lafazinsa ke ba Emil wuya ko da ya ke halsunansu ƴan uwa ne. Reynir na Aislan. Lalli kuwa, ɗan leƙen hanya, ba ya jin kome sai halshen Finlan, saboda haka ƴar uwarsa Tuuri ce tafintarsa. Tun da duk maganar da Ingilishi aka rubuta ta, Sundberg takan sa ƴar tutar ƙasa a jikin kumfa don a san halshen da ake yi. Wannan dabara karɓeɓeniya ce tsantsa: mai karatu yana fahimtar kowa, yana kuma gani da idonsa cewa su ba su fahimci juna ba. Abotar Emil da Lalli, wadda ita ce zuciyar kashi na farko, an gina ta ba tare da halshe ɗaya ba, kuma nauyinta yana bayyana ne sa'ad da labarin ya raba su da tafinta. Babu akwatin talla da zai ɗauki wannan.

Akwai kuma aibin da ya kamata a faɗa. Labarin ya buɗe da shimfiɗa mai gomman shafuka game da kakannin jaruman a kwanakin farko na annoba, mutanen da mai karatu zai saba da su sa'an nan a ɗauke su gaba ɗaya. Ga wanda ya riƙe littafi a hannu wannan ba kome ba ne. Ga baƙon da talla ta kawo, wanda ya ba aikin minti biyar, shimfiɗar tana nuna masa wani labari dabam da wanda zai samu a gaba. An ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. A nan Larabar tana da kyau, amma ta wata Juma'a ce.

4.2. Itacen. Sundberg takan saka shafukan bayani tsakanin babi da babi, taswira ko takardar sanarwa, kamar dai takardun da mutanen cikin labarin suka rubuta wa kansu. Itacen halsuna ɗaya ne daga cikinsu. Aikinsa a wurin shi ne ya bayyana dalilin da ya sa huɗu daga cikin halsunan tawagar dangi ne, na biyar kuma bare: halsunan Suwidin, Norwe, Danmak da Aislan suna kan reshen Jamusanci na arewa a babban itacen Indo-Turai, halshen Finlan kuwa yana kan ƙaramin itacen dangin Ural tare da na Hangari da Estoniya. Girman ganye yana nuna kimanin yawan masu magana kafin annoba, alƙalumman kuma daga kundin Ethnologue aka ɗauko su.

Daga ƙarshen 2014 shafin ya fita daga labarin ya shiga yawo, jaridar The Guardian ta Ingila kuma ta buga shi a farkon 2015. Dalilin da ya sa shi ne ya yi tafiya, sauran ɗaruruwan shafuka suka zauna, a fili ya ke bisa abin da muka faɗa a sashe na 2: shi ne shafin da ba ya bukatar zumuncin wani gurbi, kuma kowane ganye nasa yana da turkensa a rubuce.

4.3. Abin da ya ɓace a hanya. Kan shafin yana ɗauke da kalmomin Ingilishi masu nufin «tsohuwar duniya». A cikin labarin ma'anarsu duniyar da ta gabaci annoba. A wajen labarin kuwa, ma'anar da kowa ya sani ita ce Turai da Asiya da Afirka. Da aka cire shafin daga mazauninsa, sai ma'ana ta biyu ta hau kujerar ta farko, hoton ya koma kamar yana da'awar nuna halsunan nahiyoyi ukku. Daga nan tambayar ɗalibanmu ta fito, kuma tambaya ce mai hujja: babu dangin Afro-Asiya da Joseph Greenberg ya tabbatar da reshen Cadi a cikinsa a rabe-rabensa na 1963, saboda haka babu Hausa, babu Larabci, babu Tamajak; haka kuma, daga wasu dangogin, babu Sinanci, babu Turkanci. A cikin labarin wannan rashi daidai ne, domin takarda ce ta mutanen da duniyarsu ta ƙanƙance ta koma ƙasashe biyar, suna neman asalin halsunansu kaɗai. A bangon aji kuwa, ba tare da bayani ba, kuskure ne da ake koya wa yara.

Ko a cikin iyakarsa, itacen ya gaji raunin samfurin da August Schleicher ya yaɗa a tsakiyar ƙarni na 19, wanda Johannes Schmidt ya ƙalubalanta da ra'ayin raƙuman ruwa a 1872: itace yana nuna rabuwa, ba ya nuna cuɗanya. Itatuwa biyu da ba su taɓa juna ba sun ɓoye cewa Finlan tana cikin masarautar Suwidin har 1809, cewa halshen Suwidin halshen hukuma ne a can, da kuma cewa kalma kamar kuningas, «sarki», tsohon aro ce daga Jamusanci na dā. Labarin kansa, inda mutane ke ɗaukar kalmomin juna da kaɗan-kaɗan a cikin mota ɗaya, ya fi itacen gaskiya a kan yadda halsuna ke zama tare.

5. Kammalawa

Gérard Genette, a littafinsa Seuils na 1987, ya nazarci duk abin da ke kewaye da matani yana gabatar da shi: suna, bango, gabatarwa, sanarwar mai bugawa. Mu za mu kira wannan zaure. Talla zaure ce, kuma ma'aunin da mu ke ba da shawara a auna ta da shi shi ne ko ƙofarta ta ciki tana buɗewa zuwa gidan da aka yi ta dominsa.

Bisa wannan ma'auni, hukuncinmu a kan itacen kashi biyu ne. Ya fi lakabin «ban tsoro» gaskiya, domin ya nuna ainihin abin da labarin ya damu da shi, watau halshe da rashin fahimta, kuma ya kira irin mutanen da za su iya son sa. Amma ya cika da kansa har ya wuce kima, wanda ya gan shi ya ƙoshi, bai ji akwai sauran abin nema ba. Nasarar aikin a wasu fannoni, kamar kyautar dogon labarin intanet da ƙungiyar masu zane ta Amurka ta ba shi a bikin Reuben na 2015, da littattafan da masu karatu suka biya kuɗin bugawa, ta tsaya ne a kan wani abu maras ƙyalli: shafuka huɗu zuwa biyar a kowane mako, shekara bayan shekara, da zama cikin ƙungiyar Hiveworks inda labarai ke nuna wa masu karatunsu ƙofar juna.

Daga misalan nan muna fitar da abubuwa ukku. Ɗanɗanon dogon labari ya kamata ya zama mafarinsa, kamar yadda Cadène ya yi, kuma mafarin ya yi kama da abin da ke biye. Inda babu sunan jinsi, ana iya ƙera shi, ko a bar maƙwabtaka ta maye gurbinsa. Shafin da aka san zai yi yawo shi kaɗai kuma, a rubuta masa turkensa a jikinsa, a faɗi cewa daga labari ya fito, a kuma bar masa wata tambaya da sai a cikin labarin za a samu amsarta. Ga mu malamai kuwa, ba mu ga dalilin hana itacen shiga aji ba. A nuna shi tare da shafukan da ke gabansa da bayansa, a tambayi ɗalibai wane ne a cikin labarin zai bukaci irin wannan takarda, sa'an nan a ba su aikin zana reshen Cadi da hannunsu.